Jaririn Cikin Kek

Mun cinye kek ɗin bikin shekara-shekara na Mardi Gras tas, amma ɗan mitsitsin jaririn tangaran da ake ɓoyewa a ciki bai fito ba. A nan birnin New Orleans na Amurka kuwa, wanda ya tsince shi a yankansa shi zai shirya walimar gaba.

"Masu gasa kek ɗin ne suka manta ba su saka shi ba," in ji maigidana, yana kora ruwa da ƙyar.

Mamata ta harare shi. "Ɗana, duk shekara mantuwar nan tasu sai kana wurin."

Washegari ciki ya murɗe shi, muka garzaya asibiti. Likita ta daɗe tana duban hoton cikin, sannan ta juyo gare ni.

"Ina taya ki murna. Mijinki 'yan uku yake ɗauke da su."