Inda Dashen Ya Kama

Da rani ya kai ƙarshe, itatuwan turaren da aka dasa a faƙon bayan gari duk sun bushe, sai guda uku a kusurwa ɗaya, kore shar.

Tsohuwar da ke shayar da su ta tsaya da tulu a ka tana kallo. Ruwa ɗaya ta ba su duka, ba ta fifita kowanne ba.

Ma'aikacin gandun daji da ya kawo dashen daga garin Damazin ya durƙusa, ya cusa yatsa cikin ƙasa. "Hajja, an taɓa haƙa wurin nan da zurfi. Shi ya sa ya yi laushi, ya riƙe ruwa."

Tun shekarar da taraktocin manyan gonaki suka share dajin, suka haɗa da fasassun tukwanen da ke nuna kaburbura, take neman inda aka kwantar da 'ya'yanta uku da ƙyanda ta kwashe. Mijinta ne ya san wurin, shi ma ya bi su.

Ta sauke tulun, ta murza ganye ɗaya. Ƙamshin ya tuna mata kafur ɗin da aka yi musu wanka da shi.

Ta tuɓe takalmanta, ta dubi ma'aikacin.

"Ɗana, ɗan matsa," ta ce a hankali. "Kana taka autana."