Yatsan Baba a Jikin Injin

"Wallahi ba zan saka ba, Yaya!" Tasi'u ya ture safar hannun da kamfanin gwangwani ya raba wa masu jera marfi. Motsin yatsun mutum take ɗauka ta koya wa inji.

"To yau za su sallame ka," in ji yayansa Hamisu. "Saka kawai, ko Sallah ka kai da aiki."

Tasi'u ya zuba wa injin da ya gaji aikin mahaifinsu ido, wanda ya koya daga safar da Baba ya saka. Marafan gwangwani na kwarara kamar ruwa, injin yana jerawa da yatsu huɗu, ƙaramin a lanƙwashe, yadda Baba yake yi tun da marfi ya yanke shi.

"Yaya, har ciwonsa suka kwashe. Ni me za su bar mini?"