Kofin Fasto

A gidanmu na Kamazou akwai wani kofin tangaran mai shuɗin fure, ba a fito da shi daga kabad sai Fasto ya zo. Mama ce malamarmu a makarantar Lahadi. Ran nan da safe ta koya mana cewa duk baƙon da ya tsaya a ƙofa, mu karɓe shi kamar Yesu ne da kansa. Shekarata bakwai, na yarda da ita har zuciya.

Da rana wata tsohuwa mai tsintar robobi ta tsaya a ƙofarmu tana neman ruwa. Na ruga da murna, na taka kujera na ɗauko kofin Fasto, na cika shi, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, jikata."

Mama ta fito ta gaishe ta da fara'a. Ni kuwa ina gefe ina jiran yabo. Tsohuwar na shan kwana, Mama ta ɗauki kofin da yatsu biyu ta ajiye a akurkin kaji.

Na ce, "Mama, ba ke kika ce Yesu ne ba?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wancan coci ne. Nan gida ne."

Yanzu ina da nawa kabad ɗin. Ranar da Mama ta fara zuwa gidana, na daɗe tsaye a gabansa, na rasa wane kofi zan ɗauko mata.