Baƙin Mai a Fiffiken Hagu

Ilu, na ji ka kira masu fenti su shafe ɗakin Gwaggo, har ka ce a fitar da tsohon gadonta a kawo na zamani. Madalla da ɗa mai jin ƙan uwa. Amma ajiye mabuɗin motar nan tukuna ka ji wani misali, ba zan cinye maka rana ba.

An yi wani tsoho a Kaduna da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kanikancin jiragen soja. Ko sau ɗaya bai taɓa tashi sama ba. Nasa dai ya ɗaure noti, ya zuba mai, ya tsaya a bakin fili yana addu'a har jirginsa ya dawo, wani ƙato mai sakin bama-bamai, mai farfela biyu. Da tsufa ya kama shi sai mantuwa ta shigo. Ya manta hanyar masallaci, ya manta sunan unguwa, daga baya ya daina magana ɗungurungum. 'Yarsa Lantana ce ke jinyarsa. Ita ke ba shi koko a baki, shi kuwa yana kallonta kamar baƙuwa. Shekara biyu bai kira sunanta ba, kuma wallahi wannan ya fi ci mata rai fiye da duk wanki da ɗawainiya. Abu ɗaya ta lura da shi: akwai wani tsohon hoton jirgin nan, baƙi da fari, in ta miƙa masa sai ya riƙe da hannu biyu ya ƙi saki.

Sai ta ɗauki hoton ta tafi kasuwar Panteka wurin wani maƙeri mai yin akwatunan kwano, ta ce ya ƙera mata irinsa, babba, wanda Baba zai shafa da hannunsa. Mutumin gwani ne, wannan ba a ƙwace masa. Wata biyu yana kai. Ya yi ƙashin da katako, ya lulluɓe da gwangwani, fiffike zuwa fiffike kamu shida. Ya zura waya ta ciki, ya sa batir, ya dasa ƙananan ƙwayayen fitila a bakin kowane fiffike, farare tas, tunda hoto baƙi da fari ba ya faɗin launi. Ya ga wasu baƙaƙen zane a jikin jirgin cikin hoton, ya ce ai tsufan takarda ne. To ka san mai akwati, duk rayuwarsa ƙyalli yake sayarwa. Ya shafe jirgi da fenti hawa uku, ya goge, ya sake gogewa, har kana ganin fuskarka a ciki kamar kwanon jeren amarya.

Aka kawo shi cikin motar a-kori-kura da hantsi, aka ɗora kan benci a zaure. Tsoho ya dube shi sau ɗaya, ya juyar da fuska bango. Lantana ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. Maƙerin ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya kama jirgin zai mayar, ashe hannunsa ya taɓa baƙin mai a jikin motar, sai ga shatin yatsu a kan fenti. Ya ce, "Subhanallahi, na ɓata aiki!" Ya zaro tsumma zai goge.

Caraf tsoho ya riƙe masa wuyan hannu. Ya dangwali man da yatsa, ya ja shi a hankali daga bayan injin hagu har ƙarshen fiffike. Daidai inda zanen nan yake a hoto.

Nan maƙeri ya gane karatun. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, nuna min, ni almajirinka ne yau." Kwana bakwai yana zuwa da gawayi da toka da takardar goge katako. Tsoho ya nuna, shi ya yi. Suka kankare fenti a gefen ƙofa inda takalma ke takawa. Suka dusashe hancin inda rana ke duka. Suka sa hayaƙi a bayan bututu. Gwanin da ya shekara talatin yana sa kwano ƙyalli, ga shi yana ɓata aikinsa da hannunsa, yana murna. Rana ta biyar tsoho ya ƙwanƙwasa fitilar hagu da farce ya ce, "Ja." Ya ƙwanƙwasa ta dama ya ce, "Kore." Lantana tana tankaɗe a tsakar gida, sai da rariya ta faɗi daga hannunta.

Ran da aka gama, aka saki labulen zaure don a rage hasken rana, maƙeri ya haɗa waya. Ja a hagu, kore a dama. Tsoho ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Can ya ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo lafiya." Sannan ya waiwaya, ya dubi 'yarsa ido cikin ido, ya ce, "Lantana, miƙo min tsumma, uwata. Injin hagun nan har yau bai daina zubar da mai ba."

Ta kawo tsumman, amma ita ta fara jiƙa shi da hawaye.

To Ilu, baƙin nan da kake gani a bangon Gwaggo, wurin da take dafawa ne in za ta tashi salla, shekara arba'in. Kafin ka shafe, shiga ka durƙusa ka tambaye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.