Alkama a Ƙasan Teku

"Inna, sauko mana, ai ba za ki nutse ba," in ji wani manomi, yana miƙo min hannu.

Ina tsaye kan tsohuwar ganuwar teku, inda na shekara ashirin ina jiran jirgin mijina. Tun da aka datse tekun aka janye ruwan, wurin ya koma gonaki, ban yarda na taka shi ba.

Na sauka. Muka yi ta ratsa alkama, iska tana kaɗa ta kamar igiyar ruwa. Can ya nuna min abin da garmarsa ta tono bara: haƙarƙarin jirgi, da takalmin mijina na katako, mai alamar da na ƙona a jikinsa da hannuna.

Na durƙusa. "Ashe nan ka tsaya, maigida. Da ƙafa ma ana zuwa."