Karkatacciyar Hular Mati

A zamaninmu samarin Daura kashi biyu ne: masoyan Ɗan Sandamu mai kukuma suna karkata hula, na Sada mai gurmi suna kafa ta tsaye. Shari'a ta zo, kiɗa ya kwanta, sai ga Mati, ɗan gani-kashe-nin Sada, a zauren bazawara Siddiƙa, masoyiyar Ɗan Sandamu, da hula a karkace.

"Malam Mati, iska ce?"

"Tuba na yi. Gwaninki ya fi murya." Ya gyara zama. "To, za ki aure ni?"

Ta daɗe tana kallon hular. Haka marigayi mijinta yake saka tasa.

"Mai karkata hula na yi, Allah ya ji ƙansa. Yanzu abokin gardama nake nema. Miƙe abarka, ka turo magabata."