Maganin Ƙwannafin Kosta

"To shi ke nan, mu zuba ido ya mutu?" Bilyana ta doka wayarta a kan tebur har kwanon tattasai ya yi tsalle.

Kosta ya ɗan dubi 'yar tasa. Tun da aka yanke masa rabin tumbi a asibitin birnin Plovdiv, magana ma tsada take masa. Ciwon daji, in ji likita. Yana zaune kusa da murhu cikin bargo, yana kallon matarsa Tsveta tana ɓare gasasshen tattasai za ta ɗura a kwalabe saboda lokacin sanyi.

Shekarar Bilyana sha shida, kuma ta karance komai. Ƙwayar ƙwannafin da babanta ke sha, ashe an janye ta daga kasuwa tun tana firamare, don an gano wani sinadari a ciki mai iya jawo cutar. Yanzu wani lauya yana tara waɗanda abin ya shafa za su kai kamfanin ƙara. Diyyar za ta isa a kai Kosta ƙasar waje a yi masa magani. Abu ɗaya ake nema: a nuna inda ya saya, da lokacin da ya fara sha.

"Mama, a kantin magani fa kike aiki. Shekara ashirin. Rasit ɗaya ya gagare ki?"

"Babu rasit," in ji Tsveta, idonta a kan tattasai.

"A gidan nan? Gidan da ko robar kindirmo sai an wanke an adana ta kamar ta gado?"

Kosta ya so ya yi dariya, ɗinkin cikinsa ya hana. Shi da da ko dutse ya haɗiya sai ya narke. Ƙwannafin nan bai san shi ba sai da ya kama tuƙin babbar mota, shekarar da Bilyana ta shiga sakandare. Kofi a ƙasar Sabiya, soyayyen nama a ƙasar Hangari, wuta a ƙirji. Kullum zai tafi, Tsveta ta cusa masa kwali biyu na ƙwayar a jaka, tsakanin safa da burodi.

"Farfesa," Kosta ya ce wa Bilyana a hankali, "bar zancen nan."

"Ba zan bari ba. Lauya ya ce abin a fili yake. Wanda ya sha kafin a janye, kamfani ne da laifi. Wanda ya sha bayan nan, a nemo wanda ya miƙa masa, kotu ta ji da shi. Ko ta ina akwai wanda zai amsa."

Wuƙar Tsveta ta tsaya.

"Na ce ki bari," in ji Kosta.

"Tsoro, ko? Ku dai mutanen da, a taka ku, ku ce na gode." Ta fizgi jakarta. "Ni zan je wurin lauyan. Kuma duk wanda ya sa ƙwayar nan a hannunka, Baba, sai na ga an kulle shi."

Ta maka ƙofa, kwalaben kan kanta suka kaɗa.

Tsveta ta dubi ƙofar, ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Sabbi dal ne fa, Kosta. Katan guda na ƙwayar a kantinmu, ko buɗewa ba a yi ba. Don an janye ta, ta yaya zan bari a ƙone katan ɗin?"